Mai Zafi a Ɗakin Wanki

...ƙarfe goma da kwata dai, na safiyar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ga agogo can bisa ƙofa in wani yana musu. A daidai wannan lokaci Goggo, shugabar masu wanki, take tsoma sandar sabulunsa a cikin ruwa. Ya duba agogon. Don me ya duba? Wa zai tambaye shi? Sabo ne kawai, tun yana aiki a masaƙa. Masaƙar ta rufe shekaru ke nan, amma duban agogo bai rufe ba.

An ba shi benci a jikin bango. Yana zaune, hula a gwiwa, kwalin sabulu tsakanin ƙafafu. Ɗaki ne dogo, siminti a jiƙe, famfo huɗu a jere, kowane famfo da bahonsa, kowane baho da mace a sunkuye. Zannuwan gado na otal-otal da na asibitoci sun yi tudu a kusurwa har ƙugun mutum. Can ƙurya ana guga, tururi yana tashi yana lasar silin. Manajan gidan wankin ya gama maganarsa tun a bakin ƙofa, waya a kunne:

"Malam, ni ban san sabulu ba. Hannun matan nan ne ya sani. Su yi wanki da shi daga yanzu zuwa azahar. In sun ce a saya, mu saya. In sun ce a'a, to ka dai ga ƙofa."

Ka dai ga ƙofa... Ai ya gan ta. Ƙofofi nawa ya gani a shekarun nan, ta ciki da ta waje? Yawanci ta waje.

Amma wannan ita ce ta ƙarshe. Da bakinsa ya faɗa, ba wanda ya matsa masa — to, an matsa, amma da ladabi. A gaban Maman 'Yan Biyu, matarsa, a gaban Auta, ƙaninsa: in gidan wankin nan bai karɓa ba, zai sayar da duron haɗi da akwatunan zubi, ya kama aikin gadin da Auta ya samo masa a kamfanin da yake tuƙi. Auta ko jira bai yi ba, har kaki ya kawo. Riga shuɗiya, wando shuɗi, da hular hana-salla. "Yaya, gwada mana mu gani." Hannun rigar ya tsaya masa can sama, nesa da wuyan hannu. 'Yan biyu suka ƙame suka sara masa, suna ƙunshe dariya. Shi ma ya yi dariyar. Me zai yi? Gadi ba abin kunya ba ne, wa ya ce abin kunya ne? Mutanen kirki suna yi, suna ciyar da iyali... Sai dai shi... a buɗe, a rufe, motar wasu ta shiga, motar wasu ta fita, shi kuwa hancinsa yana neman warin mai da soda...

Kumfa. Ga kumfa tana tasowa a bahon Goggo, fara tas, mai kauri, ba irin wadda ke fashewa kafin a ƙifta ido ba. Madalla. Kumfa ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ba a nan matsalar take ba.

Haɗin farko ma ai kumfa ya yi — kumfa kaɗai. Shi da Dogo, abokin aikinsa na sashen rini, da aka sallame su rana ɗaya suka fito ta ƙofa ɗaya. Rumfar kwano a bayan gida, duro, muciya ƙatuwa, mai, soda, ruwa. Suna awo da gwangwanin madara. Gwangwani! Su da suka yi rabin rayuwarsu a gaban injuna... Suka juya, suka juya, har kafaɗa ta mutu, suka zuba a akwatunan katako, suka kwanta da murna. Gari ya waye, abu ya ƙi daskarewa. Kwana biyu, kwana uku, yana nan ruwa-ruwa yana kallonsu. Dogo ya tsoma yatsa ya ɗago, abin yana zuba. "Wannan a kwalba za mu sayar ko a cokali?"

To, me za a ƙara? Soda mana. In bai daskare ba, soda ce ta yi kaɗan. Haka hankali ya ba su. Gwangwani ɗaya, kai, ƙara rabi, kai, cika shi. Sai ga sabulu! Tauri kamar bulo, waya tana ratsa shi tana ƙara, sanda-sanda, kowace da kusurwarta. Ranar ya ɗaga sanda ɗaya sama kamar an yi masa haihuwa. Kwana uku da zubi suna kasuwa da shi, da ɗuminsa. Jiran me za su yi?

"Kai ne Mai Zafi, ko?"

Goggo ce. Ba ta ɗago kai ba, tana cuɗa zanin gado a tsakanin hannuwa masu kauri kamar na maƙeri. Sauran matan uku sun rage sauri, kunnuwa sun miƙe.

"Ni ne, Goggo."

"Na ce ko! Tun da ka shigo nake cewa a raina, wannan shi ne. Ka ga yatsan nan? Sati ya yi yana saɓa kamar maciji. Ni na ce da Manaja a bar ka ka shigo, ina son in ga fuskar mutumin."

"To ga ta nan, Goggo."

"Na gan ta. Ba ta yi kama da ta mugu ba, shi ne abin haushin."

Dariya ta zagaye famfunan. Ya murmusa, ya murza hular da ke gwiwarsa. Shi ke nan, ta san shi. Duk garin nan wa bai san shi ba? Ya canza leda, ya canza launi, ya cire suna gaba ɗaya, amma sunan ya riga shi isowa ya zauna a kan benci yana jiransa...

Zafi. Kalma ɗaya tak. Mai shagon bakin tasha ce ta fara faɗa, mako guda da kai mata kaya: "Kai, Malam, sabulun nan naka yana da zafi!" Shi kuwa ya washe baki ya ce, "Na gode, Allah ya bar zumunci." Na gode! Ta bi shi da kallo, bai gane kallon ba. Yaya zai gane? Auta kullum a bakinsa ne: waya mai zafi, mota mai zafi, wasan jiya ya yi zafi. Yaran zamani duk abin da ya burge su zafi gare shi. Shago na biyu: "Akwai zafi fa, Malam." Na uku: "Matan unguwa sun ce zafinsa ya yi yawa." Dogo ya doki kafaɗarsa a tsakiyar titi: "Ka ji ko? Ya yi yawa ma! Gari ya ɗauka, mutumina!"

Suka tafi wurin mai buga takardu, su biyu, da ƙafafunsu, da hankalinsu. SABULU MAI ZAFI, da manyan baƙaƙe ja. Dogo ya ce a sa hoton harshen wuta a ƙasa. Aka sa. Shi da kansa ya ce a ƙara girman wutar.

A ƙara girman wutar... Ya Allah.

Kwalayen suka fara dawowa, ɗaya bayan ɗaya, a kan amalanke, a bayan babur. Har a lokacin yana cewa hassada ce, manyan kamfanoni ne suka tsorata. Sai wata safiya, rana ta fito sarai, ya shigo tsakar gida neman wuƙa, ya iske Maman 'Yan Biyu tana ƙoƙarin ɗaure wa ɗaya daga cikin yaran igiyar takalmi, ta kasa. Ta yi wuf ta tura hannuwan cikin mayafi. "Mu gani." "Ba komai." "Mu gani, na ce." Tafin hannu ja wur, tsakanin yatsu ya tsattsage, fata tana tashi fari-fari. Wata guda tana wankin gida da shi. Wata guda!

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ai na faɗa. Na ce yana da zafi. Ka ce in sa maka albarka."

Sannan a hankali: "Kuma tun da aka rufe masaƙa ban ga haƙoranka ba sai a watan nan. Na ce bari dai..."

Bari dai. Bari dai... Wannan "bari dai" ta fi sodar cin jiki. Har yau in ta faɗo masa sai ya ji —

Wayyo! Ƙaramar cikin masu wankin, ta famfon ƙarshe, ta fizge hannu daga baho tana yarfewa. Ya miƙe bai sani ba, hula ta faɗi cikin ruwa. Shi ke nan. Ya ci ta. A ina aka yi kuskure? Ai ya auna, ya sake aunawa, ya jira, ya ɗanɗana kowace sanda da ke cikin kwalin nan... ko akwai wadda ta zame masa? Shuɗiyar riga, hannu guntu, a buɗe a rufe...

"Allura ce!" Yarinyar ta ɗaga ta sama, ƙaramar allurar maƙale kaya da wani baƙon otal ya manta a jikin rigar filo. "Mutane ba su da tsoron Allah, wallahi."

"Zauna, Mai Zafi," in ji Goggo. "Ba kai ba ne. Tukuna dai."

Ya zauna. Ya ɗauki hular, ya matse ta. Ya mayar da ita kan gwiwa. Mutum mai furfura a gemu, allura ta tashe shi tsaye...

Dogo bai daɗe ba bayan dawowar kwalayen. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Ya zo da yamma, ya tsaya a bakin rumfa bai shiga ba. "Mutumina, ni iyalina ba sa cin kumfa." Ya samu teburin sayar da cajar waya a gindin gada. Gaskiyarsa ce. Wa zai ga laifinsa? Suna gaisawa har gobe, sai dai gaisuwar ta zama guntuwa, irin ta mutanen da suka taɓa ganin juna tsirara.

Wurin mai shayi kuwa... "Ga Mai Zafi nan, ku ɓoye hannuwanku!" "Malam, daga nesa ma gaisuwa ce, ina da aiki da yatsuna gobe." Wani tela ya ce a ba shi sanda biyu zai cire tsatsar ƙofa. Yara suna bin sa a lungu: Mai Zafi! Mai Zafi! Yana dariya tare da su — in ba ka yi dariya ba sai a ce ka ji haushi, in an ce ka ji haushi kuwa sunan ya zauna har jikoki. Ya yi dariyar, sunan kuma ya zauna duk da haka.

Ya kulle rumfa. Ya yi dako, ya yi fenti, ya yi jiran shagon wani. Ko kallon bayan gida ba ya yi. Kwalayen suna can a jibge cikin duhu, shi da su ba magana, kamar 'yan'uwan da gado ya raba.

To yaushe ne ma? Bayan wata biyu ko uku... ranar da sarƙar kekensa ta zame, hannu duk baƙin mai, gida ba sabulu ko ƙyas. Ba sabulu, a gidan mai sabulu! Ya buɗe rumfar da fushi, ya yage leda mai hoton wuta, ya ce ci ni, ai na cancanta. Ya cuɗa. Ya jira zafin. Ya jira... Zafin ya zo, amma ya zo a gajiye, kamar tsohon kare da ya manta dalilin haushinsa. Sandar ta yi sauƙi a hannu, ta bushe, ta yi haske. Ya tsugunna a nan, kumfa tana ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ashe sabulu ma yana son hutu? Ashe ba a fito da shi da ɗuminsa? Soda ta yi yawa, wannan gaskiya ne, amma rabin muguntar gaggawa ce. Ba mugu ba ne, ɗanye ne. An tashe shi daga barci an kai shi kasuwa, yaya ba zai yi cizo ba?

Ya jefar da gwangwanin madara bayan katanga. Ya sayar da keken ya sayi sikeli. Ƙaramin haɗi, rabin bokiti, rubu'in bokiti, a rage soda, a ƙara mai, a sake. Ya kafa kantoci a jikin bangon rumfa, ya jera sanduna da tazara tsakaninsu don iska ta ratsa, yana juya su kamar mai jinya. Sati shida. Ko mai neman saye ya durƙusa, sati shida. Kuma ya yi rantsuwa tsakaninsa da Mahaliccinsa: ba zai ƙara gwaji a hannun kowa ba. To a ina? Ina ne ya fi hannun mace laushi a jikin namiji? Harshe. Ya ɗora bakin harshe a kan sanda: in ta tsikare shi kamar ya lashi batir, ba ta nuna ba, a mayar da ita kan kantoci. In ya ji ɗaci kawai, salamun-salamun, ta huta. 'Yan biyu suka leƙo suka ruga: "Mama, Baba ya fara cin sabulu!" Ita kuwa daga madafa: "Ku ƙyale shi, ya rage mana kwano ɗaya."

Ba a nan wahalar ta ƙare ba, ina! Ruwan sama ya sami kafa a kwanon rumfa, ya sauka a kan kanta ta sama, haɗin sati biyar ya narke ya bi bango yana kuka. Wani mai da ya saya da araha ya yi ɗoyi, duro guda ya tafi bola. Shagunan da suka san shi suna hango shi sai su fara gyaran kanta. Mai shagon bakin tasha ta ce, "Malam, ko kyauta ne, a kai gaba." Ya ce ta taɓa kawai. Ta ce da hannun wa? Ya lasa a gabanta, ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ga abin tausayi...

Kowace safiya dai ya buɗe rumfa. Don me? Shi ma bai sani ba. Taurin kai, in ji Auta. Wataƙila. Amma wanda ya taɓa ganin mai da ruwa, abokan gaba tun fil azal, sun haɗu a ƙarƙashin muciyarsa sun yi kauri sun zama abu guda, har in ya ɗaga muciyar ya ga zanen da ta bari yana kwance a sama bai nutse ba... wanda ya ga wannan da idonsa, yaya zai je ya zauna a bakin ƙofar wasu?

Tudun zannuwa ya sauka. Yaushe ya sauka? Kusurwar ta zama fili, sai ruwa. Sanda ta uku ce a hannun Goggo, ta biyun ta zama 'yar falle. Hannuwa takwas cikin kumfa tun safe. Yana kallonsu ɗaya-ɗaya, har kunya ta kama shi, namiji zaune yana ƙare wa hannun matan mutane kallo. Ba wadda ta hura yatsa. Ba wadda ta tsoma hannu a ruwan sanyi ta bar shi ya daɗe. Ko suna daurewa ne? Mata sun iya daurewa, shi ya fi kowa sani...

Kiran salla daga nesa. Famfuna suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Shiru, sai ɗigar ruwa. Manaja ya shigo yana tsallake kududdufai don kada takalminsa ya jiƙe.

"To, Goggo?"

Ta sake buɗe famfo. Tana ɗauraye hannu, a hankali, kamar da gayya. Ta goge da gefen zani. Ta ɗaga su wajen hasken taga, ta buɗe yatsu, ta duba tsakaninsu, ta juya baya, ta juya ciki. Ta kalli sauran ukun, su ma sun baje nasu. Ƙaramar ta shafa bayan hannunta a kumatu.

"Ba ya ci," in ji Goggo.

"Datti fa?"

"Fita ka duba igiya."

"To ƙarko?"

"Uku muka kashe tun safe. Na kamfani biyar muke kashewa." Ta juyo. "Kai, Mai Zafi, me ka yi masa? Ka kai shi an yi masa addu'a ne?"

Ba ya ci. Ba ya ci! Kalma uku. A faɗa masa su kuma, a rubuta a bango, a kira mai buga takardu... a'a, a'a, kada a kira mai buga takardu. Ina ma Maman 'Yan Biyu tana nan. Ina ma mai shagon bakin tasha, da tela mai tsatsar ƙofa, da dukan masu shan shayi, a jera su a bakin famfunan nan su ji da kunnensu...

"Madalla," in ji Manaja. "Kwali talatin duk sati. Ka fara kawowa ranar Litinin."

Talatin. Litinin.

Rumfar ta bayyana a idonsa, kanta bisa kanta. Wanda ya cika hutunsa kwali huɗu ne. Huɗu. Sauran suna nan jere, kyawawa, masu tauri, masu ƙamshi, satinsu uku. Ido ba zai bambance ba. Hannu ma ba zai gane ba a ranar farko... wataƙila har ta biyu. Ai yanzu sodar daidai take, ba kamar da ba. Ɗan tsikari ne kawai, ɗan kaɗan. Wa zai sani? Ce "to". Ce "to" mana! Harafi biyu, ka fita da ciniki a hannu. In ka ce wani abu ban da "to", mutumin nan mai waya a kunne zai nuna maka abin da ya nuna maka da safe. Shekaru kana neman wannan minti, ga shi ya zo, za ka tsaya kana...

Hannuwa takwas, a baje, suna shan iska.

"Ranka ya daɗe, ba zai yiwu ba."

Wa ya faɗa? Muryarsa ce. Ta fito siririya, amma ta fito.

"Me?"

"Huɗu nake da su da suka nuna. Su zan kawo ranar Litinin. Sauran sai nan da sati uku, ba su gama hutawa ba. Daga nan kuma, in Allah ya yarda, ba za a yanke ba."

"Hutawa?" Manaja ya sauke wayar daga kunne, karon farko tun safe. "Sabulu ne ko ma'aikacin gwamnati? Malam, ana ba ka kana ƙi?"

"Ba ƙi nake ba, ranka ya daɗe. In na kawo shi yanzu, zai ci hannunsu."

Ɗigar famfo. Can ƙurya dutsen guga yana huci. Manaja yana kallonsa, yana kallon Goggo, Goggo kuwa ta duƙufa tana kife bahonta kamar ba ta ji komai ba. Shi ke nan, ya kashe kansa da bakinsa. Auta zai ce, "Yaya, kai dai ba ka son arziki." Zai yi gaskiya. Wayar ta yi ƙara, Manaja ya duba, ya juya, ya nufi ƙofa yana tsallake ruwa. Yana tafiya... ya kai ƙofa... ya riƙe marfin...

"Kawo huɗun," ya ce ta bisa kafaɗa. "Sauran in sun tashi daga barci ka gaishe su, ka kawo su. Talatin fa, kada ka zo min da labari."

Ya fita.

Ƙaramar ta rangaɗa guɗa, Goggo ta daka mata tsawa, sannan ita ma ta fashe da dariya. "Tashi ka tafi, Mai Zafi, kafin ka suma mana a nan mu rasa mai ɗaukarka."

Bai san ta inda ya bi ba. Ba titi ya fita ba, ashe ƙofar baya ce, filin shanya. Igiyoyi daga bango zuwa bango, zannuwa farare suna kaɗawa a rana, layi bayan layi, har ido ya gaji. Ƙamshin... nasa ne. Nasa! Daga duronsa, daga muciyarsa, daga bakin harshensa. Yau da dare wani baƙo zai kwanta a kan wannan, wata mai jego a asibiti za ta lulluɓa da wancan, ba za su taɓa sanin sunansa ba, kuma bai damu ba, wallahi bai damu ba. Ya sami bokiti a kife ya zauna, zani jiƙaƙƙe yana shafar kafaɗarsa.

Ya yi. Ya yi fa...

Talatin duk sati. Duro nawa ke nan? Kafaɗa ɗaya ba za ta juya wannan ba. Kantoci sai an ninka, kwanon rumfa sai an sake, mai sai an nemo na kirki tun jibi. Da wa? Da aka fara, rumfar ba ta ɗaukar mutane: masu ba da shawara, masu neman a sa da su, surukai, maƙwabta, masu cewa a tuna da su in an yi kuɗi. Yanzu fa? Bari ya ga wa ya rage...

Maman 'Yan Biyu, wadda tun safe ya san tana bakin ƙofar gida tana yin kamar shara take yi.

'Yan biyu, da suka iya naɗe sanda a leda fiye da shi, in dai ba a haɗa su a tebur ɗaya ba.

Auta. Zai yi mita, zai ce an kunyata shi a wurin aiki, sannan ya tambaya ƙarfe nawa za a ɗora kaya a mota.

Tsohuwar maƙwabciya ta bayan katanga, da ba ta taɓa saye ba, ba ta kuma taɓa yin dariya ba.

Goggo da matanta uku, daga yau.

Dogo... a'a. Ko kuwa? Gindin gada ba nisa. A bar shi a rabi.

Sai shi. Yana nan. Ya duba hannuwansa. Zai tashi. Yanzun nan zai tashi, ya je ya faɗa musu... bari dai iskar nan ta ɗan ƙara bugunsa tukuna...